Sauke ƙafar Golf GTI a Katsina: sifirin zalla, kit ɗin Bilstein B12, ko koiloba?

Duk tallar kayan ƙafar mota da ake turo wa samarinmu a waya, lamba ɗaya take nunawa: milimita nawa motar za ta sauka. Mai tuƙi a Katsina yana buƙatar wasu lambobin biyu da ba a rubutawa a kwali. Na farko, bayan motar ta sauka, milimita nawa suka rage wa shokozoba ta nitse kafin ta daki robar tarewa, wato robar da ke tsayar da ita a ƙarshen nitsewa. Na biyu, nawa suka rage tsakanin kwanon baƙin mai da tudun rage gudu na cikin unguwa. A kan waɗannan biyun muka auna kayan nan uku, kuma hukuncin tun daga farko shi ne: ga motar da ake hawa kullum, kit ɗin Bilstein B12 Pro-Kit, wato sifirin da shokozoba a haɗe, ya fi sauran dacewa, sifirin zalla sai da sharaɗi, koiloba kuwa, wato shokozoba mai zare da ake saita tsayinta, ta mai gidan da ke da wata motar ce.

Motocin da ake magana a kansu su ne Golf 5 GTI da ta fito a 2004, Golf 6 GTI ta 2009, da Golf 7 GTI ta 2013. Tsarin ƙafarsu kusan ɗaya ne. A gaba, sifirin yana zagaye da shokozoba, ita kuma tana zaune cikin wani maƙoshin ƙarfe a bayan birki, da lowa am guda ɗaya a ƙasa. A baya kowace taya tana da hannuwa huɗu nata, sifirin daban, shokozoba daban. Wannan ya bambanta su da Golf 3 da Golf 4 masu jan gaba, waɗanda bayansu gungumen ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu. Har Golf 7 ma, masu ƙaramin inji da gungumen suka zo, don haka kayan bayan GTI ba za su hau kansu ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne GTI ta riga ta sauka tun daga masana'anta. Golf 5 da Golf 7 GTI sun fi Golf ta gama-gari kusa da ƙasa da milimita 15. Golf 6 GTI ta sauka 22 a gaba, 15 a baya. Golf 7 R ta sauka 20. Akwai kuma wata 'yar matsala ga masu kwatano 'yar Amurka: Golf 5 GTI ta 2006 da 2007 da aka kai can ta fi ta Turai tsayi, sai a ta 2008 aka daidaita su. Ma'ana sifirin guda ɗaya zai iya sauke motar wani da yawa, ya sauke ta wani kaɗan, alhali duk GTI aka rubuta a bayansu. Idan mai sayarwa ya ce “tana sauka 30”, tambaye shi daga wace mota aka auna. In daga Golf ta gama-gari ce, rabin wannan ne kawai zai bayyana a GTI.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a auna. A tsayar da mota a fili mai siminti wanda ba gangare, iskar taya daidai da takardar da ke jikin ƙofa ko murfin tanki, but ɗin babu kaya. A ɗora tef daga tsakiyar rim zuwa leɓen madigadi, a rubuta na kowace taya. Ba daga ƙasa ake aunawa ba, domin iska da cin taya suna canza wannan lambar. Sannan a leƙa ƙasa a auna daga siminti zuwa wurin da ya fi kowane saukowa a ƙarƙashin inji. GTI mai lafiya ba ta cika kai santimita 14 a nan ba, tsohuwa mai gajiyayyen sifirin kuwa ƙasa da haka sosai. Sau da yawa wannan awon kaɗai yakan nuna cewa motar ta riga ta yi saukar da mai ita yake nema, har gefe ɗaya ya fi ɗaya.

Sifirin zalla, irin Eibach Pro-Kit ko na H&R, shi ne mafi arha cikin kayan kirki, kuma ƙarfen ba shi da laifi. Ya fi na asali gajarta da tauri, kuma a kan kwalta mai santsi kamar ta IBB Way ko sabbin hanyoyin ƙarƙashin gada na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya, motar takan rage kwanciya a kwana, ta rage dungure hanci idan an taka birki. Matsalar tana wurin abin da aka haɗa shi da shi. Shokozobar asali an yi ta ne don ta zauna a wani tsayi, sandarta tana da filin nitsewa da filin miƙewa. Aka sauke mota milimita 25, an cinye 25 daga filin nitsewa. Sannan sifirin mai tauri yana dawowa da ƙarfi, ita kuma ba a saita ta don riƙe wannan ƙarfin ba. In sabuwa ce za ta jure. In ta taho tun daga Kwatano da kilomita dubu ɗari da wani abu a kanta, abin da za ka samu shi ne mota mai tsalle biyu ko uku bayan kowane tudu, kuma ba da jimawa ba mai zai fara tsatsafowa a jikinta.

Zare robar kare ƙura a irin wannan motar ka ga abin da ke ciki. Robar tarewa, wadda da sabunta kumfa ce mai tauri launin rawaya, za ka tarar ta koma ruwan ƙasa, samanta ya baje, zoben ƙasa ya tsage, ka matsa da yatsa ta marmashe. Sandar shokozoba kuma ta jiƙe da mai haɗe da jar ƙura. Wannan shaida ce cewa motar ta daɗe tana tafiya a kan roba, sifirin yana hutu. Shi ne sautin “dum” da ake ji a hanyar Jibiya idan taya ta faɗa rami, wanda mai mota ke ɗauka ƙarfin ƙafar tsere ne.

Saboda haka sharaɗin sifirin zalla shi ne shokozoba sabuwa ko wadda ba ta yi nisa ba, da sabuwar robar tarewa gajera ta motocin da aka sauke. In za ka sayi waɗannan daban-daban, kuɗin ya matso kusa da na B12.

B12 Pro-Kit haɗin gwiwa ne: sifirin na Eibach, shokozoba ta Bilstein da aka zaɓa don ta dace da shi. Jerin Bilstein yana da sauƙin ganewa. B4 madadin ta asali ce. B6 ta fi ƙarfi amma tsayinta na asali. B8 ita ce aka gajarta don sifirin da ya sauka. B14 da B16 su ne koiloba. Abin da ya sa muka fifita wannan kit a nan shi ne ginin cikinta. Yawancin shokozobar asali bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma idan ta yi zafi a doguwar hanya mai gargada, mai yakan yi kumfa, ƙarfin riƙonta ya ragu. Ta Bilstein bututu ɗaya ce, gas mai matsi a raba da mai ta hanyar wani fistin na daban, ga babban fistin mai faɗi, don haka tana sakin zafi da wuri. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, mota ta taso daga Kano ta Bichi da Kankiya da Charanci, wannan bambancin a bayyane yake: yadda ta riƙe motar a farkon tafiya haka take riƙe ta a ƙarshe.

Tana da nata aibin, kuma ba ƙarami ba ne. A gudun cikin gari, kilomita 20 zuwa 30, tana da tauri. Kowane facin kwalta, kowane gaɓar kwalbati, za ka ji shi a kujera. Sai mota ta ɗau gudu take laushi. Wanda yawancin tuƙinsa tsakanin Ƙofar Marusa da Ƙofar Guga ne, kuma yakan ɗauki iyaye, ya san da wannan kafin ya biya. Na biyu, bututu ɗaya ba ya yafe duka: dutse ya loɓa jikin ta baya, fistin zai riƙa cijewa, ta tashi aiki. Na uku, matsin gas yakan ɗaga motar 'yan milimita, don haka kada ka yi mamaki idan saukar ba ta kai abin da ka zata ba. Kuma a lura, shokozobar gaba, wadda aka gina a kife, tana ɗauke da robar tarewarta a ciki. Makanikin da ya ƙara ta waje a kai ya cinye sauran filin da aka saya da tsada.

A GTI da ta zo da tsayin Turai, wannan kit yakan sauke ta abin da bai wuce faɗin yatsa ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Wasu za su ce bai isa a gani ba. A ganinmu nan ne iyakar abin da hanyoyinmu za su ɗauka. Wanda ba ya son a rage masa ko milimita ɗaya amma yana son motar ta natsu, ya sa B6 a kan sifirinsa na asali. Ga mai bin hanyar Daura ta Mashi kullum, wannan ma ya fi.

Koiloba shokozoba ce mai zare a jiki, da faranti da ake murɗawa sama ko ƙasa don saita tsayi. A masu kyau akwai KW, wadda V1 ɗinta tsayi kawai ake saitawa, V2 a ƙara da saurin dawowa, V3 a ƙara da nitsewa, kuma jikinta ƙarfe ne mara tsatsa. Akwai Bilstein B14. Aikinsu yana da kyau, babu musu, amma kowace tana da iyakar sama da ta ƙasa da kamfani ya rubuta, kuma yawancinsu ko an murɗa su can ƙarshen sama, motar tana nan ƙasa da GTI ta asali. Tunanin “zan ɗaga ta da damina, in sauke da rani” ba ya cika faruwa. Kowane canji yana buƙatar sabon alaimen. Ga kuma ƙura. Zaren nan a buɗe yake, hunturu ya cika shi da gari, ruwan Agusta ya mai da shi laka, rana ta gasa. Bayan shekara, sifanar ƙugiya sai ta kakkarya haƙoran farantin bai motsa ba. Wanda ya saya ya wanke zaren da buroshi kafin kowane murɗi, ya ɗaga motar don sifirin ya saki nauyi, ya kuma sa masa rigar kariya. Giris mai danƙo a kan zaren waje yashi yake tarawa.

Wani abin lura a saitin baya: sifirin yana zaune a tsakiyar hannun ƙasa ne, ba a bakin taya ba. Ka murɗa faranti milimita 10, taya za ta motsa fiye da haka, wajen 15. A gaba kuwa kusan ɗaya da ɗaya ne. Rashin sanin wannan ne ke sa a ga mota ta zauna da gindi, hancinta a sama.

Koiloba mara suna da ake samu da arha a intanet ba mu ga abin yabo a cikinta ba. Sifirin mai tauri fiye da kima don kada taya ta taɓa madigadi, shokozoba mai rauni a ƙarƙashinsa, zaren ƙarfe mai tsatsa. Motar takan yi ta ƙananan tsalle ko a hanya mai kyau, kuma taya da ke tsalle ba ta riƙe kwalta, wato birki ya ƙara nisa.

Yanke sifirin da garanda ko gasa shi da wutar walda ba ya cikin zaɓi, amma tunda ana yi, ga dalili. Taurin sifirin yana ƙaruwa idan zagayensa ya ragu: mai zagaye shida masu aiki, ka cire ɗaya, ya ƙara tauri da kashi 20 cikin ɗari. Bakinsa da aka lanƙwasa don ya zauna a mazauninsa ya tafi, kuma idan taya ta rataya a rami zai iya fita daga wurinsa. Wanda aka gasa kuwa ƙarfensa ya mutu, zai ci gaba da sauka ba daidai ba har ya karye.

Me ya sa saukar da ta wuce kima ke ɓata riƙon hanya maimakon gyarawa? Leƙa lowa am ta gaba idan mota tana tsaye. A tsayin asali, bakinta na wajen taya yana ɗan ƙasa da na ciki, ko sun yi daidai. Ka sauke mota milimita 40 ko 50, bakin waje ya haura sama. Daga nan motar ta fi son kwanciya a kwana fiye da da, dole a nemi sifirin da ya fi tauri don a hana ta, tairod ma ya karkace, taya ta riƙa juya kanta idan ta hau tudu, sitiyari yana fizga. Shaf ɗin dama, wanda shi ne dogon, yakan fara gogar jikin shasi. Alamarsa zobe mai sheƙi a jikin shaf, da fenti da ya goge a ƙarfen da ke samansa. Robobin shaf suna aiki a karkace, su yage da wuri, yashi ya shiga.

Sai kwanon baƙin mai. Na Golf 5 GTI alminiyam ne, ba ya loɓawa, tsagewa yake yi. Na Golf 7 GTI roba ce mai tauri. Tsakanin tayar gaba da ta baya kimanin mita 2.6 ne, tudunmu na unguwa kuma ba su da ma'auni, kowa da yadda ya zuba simintinsa a ƙofar gida. Motar da ta wuce da direba kaɗai za ta iya dukan ƙasa da mutum huɗu da buhun shinkafa a but. Hawan tudu a karkace yana taimakawa, taka birki a daidai kan tudun kuwa shi ne ke dungurar da hanci, a saki birki kafin taya ta hau. Farantin kariya na ƙarfe ya cancanci kuɗinsa, muddin a jikin shasi da kurosmemba aka ɗaure shi, da rata tsakaninsa da kwanon, da ramukan shan iska. In fitilar mai ta kama bayan duka, a kashe inji nan take.

Abin dariya, garejin da zai sauke maka GTI, a gefe guda yana cusa wa Golf 3 ta haya sifirin mai tsayi don ta ɗauki lodin kasuwar Jibiya ko Mai'aduwa. Sun ƙware a wancan, kuma kayan aikinsu na wancan ne. Don haka a sa ido wurin ɗauri, domin a nan kit mai tsada ke lalacewa.

Maƙoshin da ke riƙe shokozobar gaba ana buɗe shi da ɗan ƙarfen buɗawa na musamman. Kurfi da guduma suna tsaga shi. Kusoshin ƙafar nan da dama masu kai mai haƙora goma sha biyu ne, kuma irin masu miƙewa ne da ake ɗaurewa da sifana mai awo sannan a ƙara kwana. Sau ɗaya ake amfani da su, a sayi sababbi tare da kit. Mauntin na sama da boris ɗinsa a canza su lokaci guda, kuma a bi kibiyar da ke kansa, tana nuna gaban mota. Kada a bar nauyin birki ya rataya a kan shaf ko tiyon birki. Kada a murɗa notin saman sanda da injin iska, yana juya sandar ya ci sil. Mafi muhimmanci, duk kusar da ta ratsa bushin roba, ba a ƙarasa ɗaure ta sai nauyin mota yana kan taya, ko an tura ƙafar da jak zuwa tsayin da za ta zauna. Aka ɗaure tana rataye, roba za ta zauna a murɗe, ta ɗaga motar ta hana ta sauka daidai, sannan ta yage cikin watanni. Kusoshin rim kuwa a ɗaure su zuwa 120 Nm da sifana mai awo. Tunda an riga an buɗe, a duba babban bushin bayan lowa am na Golf 5 da 6, da linkejin sitabilaiza. Su ne kan gaba wurin ƙara.

Masu fitilar zenon suna da ɗan firikwensin tsayi maƙale da hannun ƙafa. A cire sandarsa kafin a saki ƙafar, bayan aiki a sake saita fitilar da kwamfuta, in ba haka ba ko ta haska ƙasa ko ta makantar da mai zuwa. Motar da ta zo da DCC, wato shokozoba mai waya, wadda aka fara bayarwa a Golf 6, kit na gama-gari zai kunna mata fitilar gargaɗi sai an sa abin rufe layin ko an sayi wanda aka yi domin ta.

Alaimen ba na ranar ɗauri ba ne. A yi tuƙi sati ɗaya ko biyu sifirin ya zauna, a sake awo da tef, bambancin hagu da dama kada ya wuce 'yan milimita, sannan a kai wurin mai na'urar tayoyi huɗu. Mai zare da ido ba zai iya bayan motar nan ba. Ana saita kwanciyar tayar baya da bakinta, wato inda take fuskanta, da kusoshi masu ƙusumbi, kuma daga baya ake farawa. Tayar baya takan kwanta ciki kimanin digiri ɗaya da rabi, ta gaba bai kai ɗaya ba, kuma a gaba bakin taya kawai ake saitawa da tairod. Idan ka ga gefen ciki na taya ya cinye har waya ta fito alhali waje sabo fil, yawanci bakin taya ne ya buɗe, ba kwanciyar kaɗai ba. Shafa tafin hannu a kan zanen: in ya yi santsi ta ɗaya gefen, ya yi kaifi ta ɗayan, to shi ne.

Taya ma sifirin ce. Gefen 225/45 R17 yana da tsayin milimita 101, na 225/40 R18 yana da 90, na 225/35 R19 kuwa 79. Wanda ya haɗa rim 19 da saukakkiyar ƙafa a nan zai saba da mai faci da mai gyaran rim. Rim 17 shi ne daidai. Ramukansa 5x112 ne, ramin tsakiya 57.1, kuma rim da ya fito waje da yawa zai goge leɓen madigadi da zarar mota ta ɗau mutane.

Masu Peugeot 206, ku kam bayanku ba sifirin zagaye ba ne, sandar murɗi ce, ana zare ta a mayar a wasu haƙoran. In boris ɗin akasil ya riga ya ci, tayoyi sun kwanta ciki, a gyara wannan tukuna.

Wurin saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko oda daga waje, a auna kaurin shokozobar gaba: Golf tana da mai milimita 50 da mai 55, GTI ta 55 ce, ta 50 ba za ta kamu a maƙoshin ba. A karanta lambar da aka buga a jikin kowane sifirin, a gwada da ta takardar kit, a kuma duba nauyin akasil na gaba da ke rubuce a lambar jikin ƙofa, domin mai giya DSG, wadda ke canza kanta, ta fi mai giyar hannu nauyi a gaba kuma wasu kamfanonin sifirin daban suke ba ta. Shokozobar da aka ce “Beljiyam ce, Bilstein ce”, a danna sandarta da hannu har ƙasa a saki: mai gas za ta dawo da kanta a hankali ba tare da tsayawa ba, wadda ta tsaya a rabi ko ta yi sautin kumfa a bar wa mai ita.